Zaman Kulle Da Ƙiba: Shin Za A Tambayi Mutum Game Da Jikinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi jiki aro, Ya kuma hore masa abin da zai ci ya rayu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu duba wata mas'ala wadda mutane da yawa su kan ɗauka ta likitoci ce kurum, babu ruwan malamai da ita. Mas'alar kuwa ita ce: mutumin da ya zauna wuri ɗaya, ya ci ya sha daga halalinsa, har jikinsa ya yi nauyi, ciwo ya same shi ta wannan hanya, shin akwai abin da Allah zai tambaye shi a kai, ko kuwa wannan sha'ani ne tsakaninsa da cikinsa? Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya faru a zamanin kullen annobar korona, domin a lokacin ne jama'a masu ɗimbin yawa suka zauna a gida lokaci guda, aka ga abin da zama ya ke yi wa jiki a fili.

Masu karatu ba su manta ba. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce wadda ta game duniya. A Nijeriya an sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Ikko ranar 27 ga Fabrairu. Kafin watan Maris ya ƙare an hana fita a Kaduna, ranar 30 ga watan aka rufe Ikko da Abuja, Kano kuwa ta shiga kulle ranar 16 ga Afrilu. Aka rufe kasuwanni da makarantu, aka dakatar da sallar Juma'a. Hukumomin Saudiyya suka tsayar da Umra, aikin Hajji na wannan shekara ma 'yan tsiraru ne daga mazauna ƙasar suka yi shi. Azumin watan Ramalana ya kama ranar 24 ga Afrilu, mutane na tsare a gidajensu. Sai a watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar.

Da aka buɗe ƙofofi sai aka tarar jikunan mutane sun sāke. A Amurka, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta tambayi jama'a a farkon 2021, sai kashi 42 cikin 100 na manya suka ce sun yi ƙibar da ba su so ba, kuma bisa ga faɗarsu abin da suka ƙara ya kai kusan kilo 13 a matsakaici. Kashi 18 kuwa ramewa suka yi ba da son ransu ba. A Ingila hukumar lafiyar jama'a ta ba da labari a watan Yuli 2021 cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na manya sun ƙara nauyi. A garuruwanmu ma mai ido ya gani. Wanda albashinsa bai tsaya ba, da wanda ya ke da ajiya a rumbu, da yawansu sun fito riguna sun matse su, hawan matakala ɗaya sai haki.

KULLEN BA SHI NE ABIN ZARGI BA

Kafin mu shiga mas'alar, ya kamata mu kau da wata shubuha. Zama a gida lokacin annoba ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Usamatu ɗan Zaidu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen cikinsa fita don gudun ta. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa wanda ya zauna a garinsa lokacin annoba, yana mai haƙuri da neman lada, yana kuma sane da cewa babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta masa, to yana da lada irin na shahidi. Saboda haka wanda ya zauna ya yi daidai. Abin dubawa shi ne yadda aka yi zaman.

ƘIBA A KAN KANTA BA ZUNUBI BA CE

Abu na farko da za mu tabbatar shi ne, shari'a ba ta aza wa kowa laifi a kan siffar jikinsa ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa abin da Allah Ya ke dubawa ga bawa shi ne zuciyarsa da aikinsa, ba surarsa ko dukiyarsa ba. Akwai wanda ya gaji ƙiba daga iyaye. Akwai macen da haihuwa ta bar mata jiki. Akwai wanda ciwo ne ya kumbura shi, ko magani da likita ya ɗora shi a kai. Akwai mutum biyu da za su ci tuwo a akushi ɗaya shekara da shekaru, ɗaya ya yi tumbi, ɗaya yana nan kamar sanda. Wa zai iya duban mutum a hanya ya san daga wane kashi ya ke?

Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha tun tana da ƙarancin jiki, ta wuce shi. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake yi, ya wuce ta, ya yi mata raha cewa ya rama. Bai aibata ta ba, bai kuma nuna ta ragu da kome a wurinsa ba. Haka nan kuma ranar da waɗansu sahabbai suka yi dariya ganin sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'udu, Annabi ya gaya musu ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'aunin Allah. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. To wanda ya mai da mai ƙiba abin dariya a majalisa ya ɗauki zunubi tabbatacce, alhali kuwa wanda ya ke yi wa dariyar mai yiwuwa ne ba shi da laifin kome.

Mu kuma lura da halin da mutane suka shiga. Likitoci sun bayyana cewa tsoro da damuwa da rashin barci su kan motsa waɗansu sinadarai a jiki waɗanda ke ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Mutumin da ya kwana yana jin labarin mace-mace, kasuwancinsa ya tsaya, bai san ranar buɗewa ba, idan hannunsa ya yawaita zuwa kwano, tausayi ya fi cancanta da shi a kan zargi.

ABIN DA ZA A TAMBAYA

Amma kuma wannan bai rufe mas'alar ba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Barza cewa ranar ƙiyama bawa ba zai gusa ba sai an tambaye shi abu huɗu: rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, iliminsa me ya yi da shi, dukiyarsa ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, sa'an nan jikinsa a me ya tsufar da shi. Ashe ke nan jiki yana cikin abin lissafi. Ba za a ɗora mutum a kan sikeli a ga kilo nawa ya ke ba, aikin da ya yi da jikin, da abin da ya yi wa jikin, su za a auna.

Wani zai ce, kuɗina ne, guminsu na yi, abin da na ci kuwa halal ne, to ina laifin? Amsar tana cikin aya ta 31 a Suratul A'arafi, inda Allah Ya halatta ci da sha, a nan take kuma Ya hana ɓarna, Ya ce ba Ya son masu yin ta. Halaccin abinci bai halatta kowane gwargwado ba. Ruwa halal ne, amma wanda ya yi ta kwarara shi a alwala ya yi ɓarna ko da a bakin kogi ya ke. Mutane sun ɗauka ɓarnar abinci ita ce zubar da shi a bola kaɗai. Wanda ya cusa wa cikinsa abin da jikinsa ba ya bukata shi ma ya zubar, har ma nasa ya fi muni, gama wanda aka zubar a bola ba ya komawa ya cuci mai shi.

Annabi ya ba mu ma'auni a hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Ya bayyana cewa ciki shi ne mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ya ke cikawa, kuma 'yan lomomi da za su tsai da bayansa sun ishe shi. In kuwa lalle sai ya ƙara, to ya kasa cikin uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Malaman fiƙihu sun gina a kan wannan, suka kasa ci mataki-mataki. Cin abin da zai hana halaka wajibi ne. Cin abin da zai ba mutum ƙarfin tsayuwa a salla da yin azumi abin lada ne. Ci har a ƙoshi halal ne. Abin da ya wuce ƙoshi kuwa waɗansu sun ce makaruhi ne, waɗansu suka ce haramun ne, sai fa in da wani dalili, kamar taya baƙo ci don kada ya ji kunya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki, ya nuna cewa cikar ciki tana kawo nauyin jiki wajen ibada da yawan barci da dushewar basira.

Tushen wannan duka shi ne jiki ba mallakarmu ba ne, amana ce. Wanda aka ba shi aron doki ba shi da ikon ya kashe shi da yunwa, ba shi kuma da ikon ya ɗaure shi a turke ya yi ta ɗura masa dawa har ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Annabi ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa yana da hakki a kansa. Idan an hana a cuci jiki da yawan ibada, ina ga cutar da shi da yawan ci?

MAGANAR AJALI

Wani kuma zai ce, ai ajali ɗaya ne, siriri yana mutuwa, mai jiki yana mutuwa. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ba haka sahabbai suka fahimci ƙaddara ba. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin cutar, ya yi shawara, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah su ke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayi mai zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe mai fari: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Haka mai ci ya ke. Rage loma ƙaddara ce, ƙara ta ma ƙaddara ce, amma ɗaya ce a ke yaba wa mai ita.

Annobar kanta ta nuna mana wannan. Tun watannin farko likitoci a ƙasashe dabam-dabam suka lura cewa cutar ta fi tsananta ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini da masu ƙiba mai yawa. Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya kwanta a ɗakin masu tsananin jinya a watan Afrilu 2020, da ya warke ya faɗa da bakinsa cewa nauyinsa ya yi yawa lokacin da cutar ta kama shi, a watan Yuli kuma gwamnatinsa ta fito da shirin yaƙi da ƙiba. A Kano an yi mace-mace masu yawa a watan Afrilu na wannan shekara, malamai da dattawa da masu sarauta. Ministan lafiya na lokacin ya ba da bayani a watan Yuni cewa an ƙirga mamata 979, yawancinsu tsofaffi masu wani ciwo tun da, kuma mai yiwuwa ne rabinsu ko fiye korona ce ta zama sanadi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba mu ce ƙiba ce ta kashe su ba. Abin da mu ke cewa shi ne annoba ta fi samun hanya a jikin da ciwo ya riga ya raunana, kuma ciwon sukari da hawan jini suna daga cikin cututtukan da ci da zama ke haifarwa ko su ƙara wa ƙarfi.

Yadda abin ya ke aukuwa ba boyayye ba ne. Abinci makamashi ne. Abin da jiki bai ƙona da aiki ba sai ya adana shi kitse, kitsen da ya taru a tumbi kuwa ya kan hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, ya ɗora wa zuciya da jijiyoyin jini kaya. Likitoci suna da lissafi mai sauƙi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. In ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 ƙiba ta zama abin tsoro. Mai tsawon mita 1.7, alal misali, ya shiga mataki na farko a wajen kilo 72, na biyu a wajen kilo 87. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manya miliyan 890 ne a duniya ke cikin mataki na biyun.

A nan sai mun duba wata al'ada tamu. Mu kan ɗauki ƙiba alamar jin daɗi. In mutum ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. In amarya ba ta yi ɓul-ɓul ba sai dangi su fara tambaya ko ba a kula da ita. Har ta kai waɗansu 'yan mata na shan ƙwayoyin da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda likitoci suka yi gargaɗi cewa suna iya kawo hawan jini da ciwon sukari. Wannan al'ada ta samo asali ne a zamanin da yunwa ce babbar abokiyar gāba, lokacin da mai jiki shi ne wanda fari bai taɓa ba. Yau a birane ciwon ƙoshi ya zo ya tarar da ciwon yunwa, ya kamata ma'auninmu ya sāke.

NI'IMA BIYU

Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa akwai ni'ima biyu da mutane da yawa su ke yin hasararsu, watau lafiya da sararin lokaci. Da wuya a sami lokacin da wannan hadisi ya bayyana kamar zamanin kulle. Shekara da shekaru mu kan ce da mun sami sarari da mun sauke Alƙur'ani, da mun koyar da 'ya'yanmu, da mun kula da lafiyarmu. Sai ga sarari ya zo, makonni a jere, babu ofis babu kasuwa. Waɗansu sun ci ribarsa, Allah Ya saka musu. Waɗansu kuwa dare ya koma musu rana, suka kwana a kan waya da talabijin, suka wuni barci, abin da ke tsakani kuma ci.

Kullen ya kuma tona mana wata ni'ima da ba mu san muna cikinta ba. Yinin Musulmi a gine ya ke a kan motsi. Sau biyar zai taka zuwa masallaci ya dawo, an kuma yi masa albishir cewa kowane taku yana ɗaga darajarsa yana kankare zunubinsa. Zai je gai da marar lafiya, zai raka gawa maƙabarta, zai je zumunci, zai fita neman halali. Ba don motsa jiki aka shar'anta waɗannan ba, amma jiki yana cin moriyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako. Wanda masallacinsa ke da nisan minti 5 a ƙafa, in ya je ya dawo sau biyar, ya yi minti 50 a yini, watau 350 a mako, bai ma sani ba. Da aka rufe masallatai sai wannan ya yanke dare ɗaya. Abin baƙin ciki shi ne waɗansu har yau ba su koma ba, waɗansu kuwa sun koma amma a kan babur.

Azumin wannan shekara ma abin lura ne. Watan da aka saukar don koyon kame kai, a gidajen masu hali ya zama watan soye-soye. Da ma can tarawihi da zuwa tafsiri su kan rage nauyin buɗa-baki. A kulle kuwa sai aka ci ƙosai da dankali da kunu mai sukari, aka bi da lemon kwalba, aka kishingiɗa. Kwalba ɗaya ta santilita 35 ta kan ƙunshi sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali shawarar likitoci ita ce kada babba ya wuce kamar cokali 12 a yini duka, in ya tsaya a 6 ya fi. Nana A'isha ta ba da labari cewa a kan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Ba a ce mu koma haka ba. Amma wanda ya fita daga Ramalana ya fi yadda ya shiga nauyi ya kamata ya tambayi kansa wane darasi ya ɗauka.

MATA A CIKIN GIDA

Akwai wata magana da ta wajaba maza su ji. Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce a Hausa, mun san ta tun kafin korona. Magidanci ya zauna makonni kaɗan a gida, gwiwoyinsa suka yi tsami, ƙirjinsa ya ƙuntata. To matarsa fa, wadda zaman gida shi ne rayuwarta? Iyayenmu mata na dā suna daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya, a tsakar gida mai faɗi. Yau inji ya ɗauke daka da niƙa, famfo ya ɗauke guga, gidan haya kuma ɗaki biyu ne. Wannan sauƙi ni'ima ce, ba mai son a koma wahala. Amma jikin mace shi ma amana ne, mijinta kuwa makiyayi ne abin tambaya game da iyalinsa. Wanda ya ciyar ya tufatar, amma bai taɓa tunanin yadda matarsa za ta motsa jikinta cikin sutura da mutunci ba, bai taɓa kai ta an auna jininta ba, bai cika kiwon da aka ba shi ba. Mu tuna wanda ya fi kowa kishin iyalinsa shi ne ya yi tsere da matarsa.

MAƘWABCI

Sa'an nan ga mafi nauyin al'amarin. Kullen bai zo wa mutane da fuska ɗaya ba. A unguwa ɗaya, bango ɗaya ya raba wanda ke kukan rigarsa ta matse shi da wanda ke ƙara wa wandonsa mazagi. Ɗan dako da mai tura ruwa da direban a-daidaita-sahu da mai sai da abinci a bakin tasha, waɗanda sai sun fita su ke samun na cefane, su kulle ya zame musu yunwa tsirararta. Almajirai aka yi ta kwasa a motoci daga jiha zuwa jiha. A watan Oktoba 2020 aka ga jama'a sun fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da Ikko da waɗansu garuruwa. Ba mu halatta wawaso ba, amma ya nuna inda yunwa ta kai mutane.

An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi ya kore cikar imani daga wanda ya ƙoshi maƙwabcinsa na gefensa da yunwa. Ya kuma ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in abinci ya yi musu ƙaranci su kan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. A shekarar fari da a ke kira shekarar toka, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama, ya zauna a kan man zaitun har launinsa ya sāke, domin ba ya so ya ƙoshi talakawansa na fama.

Idan muka haɗa waɗannan da hadisin kasa ciki uku, sai mu ga magana ɗaya ce. Lomar da ta wuce bukatarka, wadda za ta zame maka ciwo, ita ce lomar da maƙwabcinka ya rasa. Da an miƙa ta ta kan katanga da ta zama lafiya gare ka, rai gare shi, lada kuma a littafinka. Mutane da yawa sun yi haka a lokacin kulle, sun ciyar a ɓoye, Allah Ya san su. Wanda bai yi ba, ƙofa ba ta rufe ba, gama tsadar abinci ta sa yunwa ba ta bar unguwanninmu ba.

To, ga amsar tambayarmu. Ba a tambayar mutum don me aka halicce shi mai jiki, ba kuma a kama shi da abin da ciwo ko gado ya jawo masa. Ana tambayarsa abin da ya ke da iko a kai: gwargwadon cinsa, da yadda ya yi da lokacinsa, da kulawarsa ga lafiyar iyalinsa, da hakkin mayunwacin da ke kusa da shi. Wanda ya san nauyin da ya ɗauka a kulle yana nan tare da shi, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya faɗa wa magungunan rage ƙiba na bakin kasuwa. Ya tashi daga akushi da sauran wuri a cikinsa. Ya rage sukari da gishiri da mai. Ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya riƙi azumin Litinin da Alhamis da niyyar ibada in yana da iko, mai ciwon sukari kuwa ya nemi shawarar likita tukuna. Ya je a auna jininsa da sukarinsa, domin hawan jini ya kan daɗe a jiki bai nuna alama ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa ga Allah, ko da ya ke akwai alheri ga kowannensu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu yi masa bauta da ita. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauka, Ya tsare mu daga sharrin cikinmu, Ya kuma kiyaye ƙasarmu daga annoba da yunwa. Amin.